Tambayoyi da Amsoshi Kan File Explorer Mai Yawan Rufe Kanta a Kwamfutar Haɗaka

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga abin da masu shagunan buga takardu na Samaru da Kongo da Sabon Gari, da sakatarorin ofisoshi, da masu kula da ɗakunan kwamfuta na makarantu a Zariya suke yawan maimaitawa game da kwamfutar tebur wadda hannaye da yawa ke taɓawa a rana guda. Bayanin ya fi karkata ga Windows 10 da Windows 11, kuma an bar sunayen maɓallai da umarni kamar yadda suke bayyana a allo domin mai karatu ya gane su da zarar ya gan su.

Mece ce File Explorer, kuma me ya sa allon gaba ɗaya yake ƙiftawa idan ta rufe kanta?

File Explorer ita ce manhajar da ake buɗe folda da ita, a ga fayiloli, a kwafa, a sauya suna, a goge. Sunanta a cikin Windows shi ne explorer.exe, kuma aikinta bai tsaya ga folda ba: ita ce ke riƙe da sandar da ke ƙasan allo, ita ce kuma ke nuna gumakan da ke kan fuskar kwamfuta. Saboda haka idan ta faɗi, duk waɗannan sukan ɓace na ɗan lokaci, allon ya zama fayau, sannan su dawo idan Windows ta sake tayar da ita. Wanda bai san wannan ba yakan ɗauka kwamfutar ce ke shirin mutuwa, alhali takardar Word da yake bugawa tana nan a buɗe, babu abin da ya same ta.

Ta sandare yanzu, ga mai aiki yana jira. Me zan yi kafin komai?

Kada a zare waya daga soket, kuma kada a danne maɓallin kunnawa har kwamfutar ta mutu. A danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. A nemi Windows Explorer a jerin abubuwan da ke aiki, a danna mata maɓallin dama na linzami, a zaɓi Restart. Cikin daƙiƙu kaɗan sandar ƙasa za ta dawo. Idan babu sunanta a jerin, ta riga ta mutu ke nan ba ta tashi ba; sai a zaɓi Run new task, wanda ke ƙarƙashin File a Windows 10 kuma yake saman tagar a Windows 11, a rubuta `explorer.exe`, a danna Enter.

Wannan mataki na sallamar mai jira ne kawai, ba ya kawar da musabbabin. Idan abin ya sake faruwa a wannan rana ko washegari, sai a koma ga amsar da ta yi bayanin inda ake fara bincike.

Shin fayilolin mutane za su ɓace saboda wannan faɗuwa?

Faɗuwar manhajar ita kaɗai ba ta goge abin da aka riga aka adana. Inda ake samun asara shi ne idan ana tsakiyar kwafar fayil zuwa filash ta faɗi, domin kwafar takan yanke, kuma bai kamata a amince da abin da ya isa filash ɗin ba sai an buɗe shi an gani. Shi ya sa a kwamfutar da ke da wannan ciwo ya fi kyau a riƙa amfani da Copy maimakon Cut, a tabbatar kwafin ya buɗe lafiya, sannan a goge na asali. Amma idan faifan ajiya ne ke lalacewa, faɗuwar alama ce ta asarar da ke tafe, kuma an yi bayaninta a amsar da ta shafi ɗauke wuta da ƙura.

Me ya sa kwamfutar haɗaka ta fi ta mutum ɗaya fama da wannan matsala?

Domin File Explorer manhaja ce mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Kusan kowace manhaja da aka ɗora tana iya liƙa mata wani ɗan ƙari: mai matse fayiloli ta ƙara layi a jerin da ke fitowa idan an danna dama, mai karanta PDF ta ƙara abin leƙen takarda, mai kunna bidiyo ta ƙara abin zana ƙananan hotuna, mai tura fayil daga waya ita ma ta kawo nata. Yawancin waɗannan ƙare-ƙare a cikin jikin explorer.exe suke aiki, don haka idan ɗaya ya yi tuntuɓe, da ita yake faɗuwa. A kwamfutar mutum ɗaya, mai ita ya san abin da ya ɗora jiya. A shagon da ɗalibai ke layin buga furojet, ko ofishin da ma'aikata huɗu ke karɓa-karɓa, wani ya ɗora abu da safe, wani ya soka filash da rana, na yamma kuma shi ne ke ganin faɗuwar, kuma babu wanda zai iya faɗin abin da ya canza.

Daga ina ake fara bincike?

Daga lura, kafin a taɓa komai. Abin da ake so a gano shi ne matsalar me take bi. Idan lokacin danna maɓallin dama take faruwa, ƙarin wata manhaja ne ake zargi. Idan sai an shiga wata folda takamaimai, akwai fayil a cikinta da ke kayar da manhajar. Idan sai an soka filash, ko filash ɗin ne ko ramin da ake soka shi. Idan a asusun mutum ɗaya kawai take faruwa, saitinsa ne ya lalace. Idan kuwa ba ta zaɓi lokaci ko mutum ko folda, to a duba fayilolin Windows kanta da lafiyar na'urar. Kowanne daga cikin waɗannan yana da amsarsa a ƙasa, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki.

A ganina, abin da ya fi kowace manhajar gyara amfani a irin wannan wuri shi ne ɗan littafi a gefen kibod. Duk wanda abin ya faru a hannunsa ya rubuta kwanan wata da lokaci da abin da ya danna na ƙarshe, kuma duk wanda ya ɗora sabuwar manhaja ya rubuta sunanta. Bayan kwana biyu ko uku, layukan da ke littafin sukan nuna inda matsalar take tun kafin a kira injiniya. A kuma riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya sauya saiti biyar a zama guda, ko da kwamfutar ta gyaru, bai san wanne ya gyara ta ba, kuma ranar da ciwon ya dawo zai fara ne daga farko.

Akwai inda Windows ke rubuta dalilin faɗuwar?

Akwai wurare biyu. Mafi sauƙin karantawa shi ne Reliability Monitor: a danna maɓallin Windows da R don buɗe akwatin Run, a rubuta `perfmon /rel`. Zai nuna jadawali na kwanaki, da jan da'ira a duk ranar da wata manhaja ta faɗi, tare da abin da aka ɗora ko aka sabunta a ranar. Idan jajayen alamun sun fara ne daidai ranar da aka ɗora wata manhaja, an samu bakin zaren.

Na biyu shi ne Event Viewer, wanda ake buɗewa da `eventvwr`. A shiga Windows Logs, sannan Application, a nemi kuskure mai lamba 1000 wanda ya ambaci explorer.exe. Layin da ya fi muhimmanci shi ne Faulting module name, da kuma Faulting module path da ke ƙasa da shi. Idan hanyar ta nuna wani fayil a cikin Program Files, a ƙarƙashin foldar wata manhaja, to ita ce mai laifin, sai a sabunta ta ko a cire ta. Idan sunan da ya fito ntdll.dll ne ko KERNELBASE.dll, kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin waɗannan sassan Windows ne da sau da yawa faɗuwar ke ƙarewa a kansu ko da wani ne ya jawo ta. Lamba 1002 kuwa tana nufin manhajar ta daskare ne ta daina amsawa, kuma wannan ya fi nuni ga jiran faifai ko wata kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada a sauko da fayil ɗin DLL, wato mai suna da ke ƙarewa da .dll, daga shafukan intanet da ke cewa suna gyara irin wannan kuskure. Ta nan cuta ke shiga kwamfutoci da yawa. Hanyar da ta dace ta maido da fayilolin Windows tana cikin amsar da ta yi magana kan DISM da sfc.

Da zarar na danna maɓallin dama a kan fayil sai ta rufe. Mene ne dalili?

Wannan ita ce alama mafi bayyana ta lalataccen ƙari. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna ShellExView daga NirSoft, wadda ke jero duk ƙare-ƙaren da aka liƙa wa File Explorer. A sauko da ita daga shafin mai ita, a zaɓi ta 64-bit idan Windows ɗin 64-bit ce, a buɗe ta da ikon mai gudanarwa, wato Run as administrator. A cikin Options a zaɓi ɓoye duk na Microsoft, abin da ya rage shi ne na baƙin manhajoji. A zaɓe su duka a danna F7 don dakatar da su, a sake tayar da File Explorer ta hanyar da aka bayyana a amsa ta biyu, sannan a gwada danna daman.

Idan faɗuwar ta tsaya, mai laifin yana cikinsu. A kunna rabinsu da F8 a sake gwadawa. Idan ta dawo yana cikin wannan rabin, idan ba ta dawo ba yana cikin ɗayan. Da wannan rabe-raben, ko ƙari 30 ne, zagaye biyar ya isa a kama shi. Dakatarwa ba gogewa ba ce, ana iya mayar da komai yadda yake, shi ya sa wannan hanya ta fi cire manhajoji barkatai a kwamfutar da wasu ke dogaro da su. A Windows 11 tsofaffin ƙare-ƙare suna ƙarƙashin Show more options ne, don haka idan a nan kawai faɗuwar ke aukuwa, hujjar ta ƙara ƙarfi.

Folda ɗaya ce kawai ke kayar da ita, musamman mai hotuna ko bidiyo ko PDF. Yaya za a yi?

Idan aka buɗe folda, File Explorer takan leƙa cikin kowane fayil don ta zana ƙaramin hotonsa. Fayil ɗin da saukarsa ta yanke, ko bidiyon biki da aka turo daga waya bai kammala ba, ko hoton fasfo da sikana ta adana rabi, yana iya kayar da abin da ke zanen. Wani lokaci saƙon da ke fitowa yakan ambaci COM Surrogate, wanda shi ne Windows ke ɗora wa wannan aiki. Gwajin yana da sauƙi: a rubuta `control folders` a akwatin Run, a shiga View, a sa alama a Always show icons, never thumbnails. A kuma rufe tagar leƙen takarda ta gefen dama da Alt da P idan tana buɗe. Idan foldar ta buɗe lafiya bayan haka, an tabbatar da zargin.

Daga nan sai a nemo fayil ɗin. A jera fayilolin bisa girma, domin wanda girmansa sifili ne ko ya yi ƙanƙanta fiye da 'yan uwansa shi ne abin tuhuma na farko. Idan bai bayyana ba, a raba fayilolin gida biyu a sababbin foldoji, a mayar da zanen hotuna, a ga wacce ke faɗuwa. A kuma share ma'ajiyar ƙananan hotunan da `cleanmgr`, umarnin da ke buɗe Disk Cleanup, a sa alama a Thumbnails kaɗai. Windows za ta sake gina ta da kanta. A lura da Disk Cleanup sosai a kwamfutar haɗaka, kada a sa alama a Recycle Bin, ko Downloads idan ta bayyana a jerin, ba tare da an tambayi sauran masu amfani ba, domin akwai masu ajiye aikinsu a can.

Foldar Downloads da ta tara dubban fayiloli na shekaru ita ma takan yi nauyin buɗewa. A danna mata dama, a shiga Properties da Customize, a mayar da nau'inta General items, sannan a kwashe tsofaffin zuwa foldoji bisa shekara.

Tun wajen buɗewa take tsayawa tana cewa Working on it. Wannan fa?

File Explorer takan buɗe ne a Quick access, ko Home a Windows 11, inda take nuna fayilolin da aka taɓa kwanan nan. A kwamfutar haɗaka wannan jeri cike yake da fayilolin filashin da suka daɗe da barin shagon, da foldojin wata kwamfuta da ke kashe, kuma manhajar takan tsaya neman su. A buɗe `control folders`, a sauya Open File Explorer to zuwa This PC, a cire alamomin da ke ƙarƙashin Privacy, a danna Clear. Wannan yana da wata fa'ida ta daban, wato mai zuwa daga baya ba zai ga sunayen takardun wanda ya gabace shi ba. Idan akwai foldar wata kwamfuta da aka ɗaura a This PC mai jan alama a kanta, kuma ba a amfani da ita yanzu, a danna mata dama a zaɓi Disconnect.

Sai an soka filash take faɗuwa. Bairos ne?

Yana iya zama, amma ba kullum ba. A fara gwada filash ɗin a ramin bayan kwamfuta, domin na gaba su ne ke shan soka da zarewa, su ne kuma ke fara saki. A gwada wani filash da aka amince da shi a ramin. Idan filash ɗaya ne kawai ke jawo abin, mai yiwuwa an sha zare shi ana tsakiyar rubutu, ko kuma jabu ne mai nuna girman da ba shi da shi.

Alamar bairos ɗin da ya fi yawo tsakanin shagunan buga takardu sananniya ce: ɗalibi ya soka filash, maimakon foldar furojet ɗinsa sai ya ga gumaka masu ƙaramar kibiya a kusurwa, wani lokaci ɗaya tak mai ɗauke da sunan filash ɗin. Kada a danna su, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. Fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Bayan an binciki filash ɗin da manhajar kariya, a buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni, a rubuta `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*`, a sauya E da harafin da filash ɗin ya samu. Foldojin za su bayyana, sai a goge gumakan ƙaryar. Ita kuma kwamfutar a yi mata Microsoft Defender Offline scan daga Windows Security, wanda ke kashe ta ya bincika kafin Windows ta tashi. Manhajar kariya ɗaya mai sabuntawa ta isa; biyu masu aiki a lokaci guda sukan yi karo, kuma kowacce tana da nata ƙarin a jikin File Explorer.

A asusun mutum ɗaya kawai take faruwa, sauran lafiya lau. Me wannan ke nunawa?

Labari ne mai daɗi, domin yana nuna Windows da na'urar suna lafiya. Kowane asusu yana da nasa saiti da tarihi da ma'ajiyar hotuna. A fara da share tarihi da ma'ajiyar hotuna daga cikin asusun, kamar yadda amsoshin da suka shafi Working on it da foldar hotuna suka bayyana, a kuma duba Startup a Task Manager ko akwai abin da ke tashi da shi kaɗai. Idan bai yi ba, a buɗe masa sabon asusu daga Settings da Accounts, a kwashe abin da ke Desktop da Documents da Pictures da Downloads daga tsohuwar foldarsa da ke `C:\Users`. Kada a kwafo AppData, foldar da ke riƙe saitin manhajoji, gaba ɗayanta, don kada a ɗauko lalacewar a kai sabon gida. A bar tsohon asusun na wasu makonni har mai shi ya tabbatar babu abin da ya rage.

Idan kowa da kowa asusu ɗaya yake shiga, buɗe sabon asusu na gwaji shi ne hanya mafi sauri ta sanin ko matsalar ta saiti ce ko ta kwamfutar duka.

Yaya ake gyara fayilolin Windows idan su ne suka lalace?

A buɗe Command Prompt da Run as administrator. A fara da `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`, wanda ke gyara ma'ajiyar da Windows ke ɗauko fayilolinta masu kyau daga ciki. Yana iya buƙatar intanet, kuma yakan yi kamar ya tsaya a wani kaso na tsawon lokaci, sai a yi haƙuri a ƙyale shi. Bayan ya gama a rubuta `sfc /scannow`, a jira ya kai 100, sannan a sake kunna kwamfutar. Windows 7 ba ta da wannan umarni na DISM, sai sfc kaɗai. A zaɓi lokacin da babu masu jira kuma wuta ta tabbata.

Idan ana son sanin ko baƙuwar manhaja ce ko Windows kanta, a danne Shift yayin zaɓar Restart, a bi Troubleshoot da Advanced options zuwa Startup Settings a shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da sassanta na dole kawai. Idan File Explorer ta zauna lafiya a can, zargi ya koma kan abin da aka ɗora.

Ɗauke wuta da ƙura suna da hannu a ciki?

Suna da hannu sosai. Kwamfutar tebur ba ta da batir, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka sauya zuwa janareta ba tare da UPS ba, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, mutuwar farat ɗaya take yi, kuma abin da take rubutawa a faifai a daidai lokacin yana iya lalacewa. Idan haka ta yi ta maimaituwa, tsarin fayilolin yakan rikice. Umarnin `chkdsk C: /f` yana gyara wannan, kuma zai nemi a sake kunna kwamfutar. Na `/r` yana bin faifan gaba ɗaya, yana iya cin sa'o'i, kuma bai kamata a fara shi ba sai an kwafe muhimman fayiloli wani wuri. UPS ɗin da batirinsa ya mutu bai da amfani. A gwada shi ta hanyar kashe soket a ga ko zai riƙe.

Lafiyar faifan kanta ana duba ta da CrystalDiskInfo, manhajar kyauta da ke nuna Good ko Caution ko Bad. Idan ta nuna Caution, ko Event Viewer a sashen System yana nuna kuskuren Disk mai lamba 7, ko ana jin faifan yana ƙas-ƙas, a dakatar da duk wani gyara a kwashe fayilolin mutane tukuna, sannan a sauya faifan, zai fi kyau da SSD, nau'in faifan da ba shi da sassa masu juyawa. Ƙwaƙwalwar RAM kuma ana gwada ta da `mdsched`.

Game da ƙura, duk wanda ya buɗe murfin kwamfutar shago a ƙarshen hunturun Zariya ya san abin da zai tarar: jar ƙura ta daskare tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka har iska ba ta ratsawa, fankar tana juyi tana kuka a banza. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo, na'urar sai ta riƙa rage gudu tana sandarewa. A kashe ta, a zare waya, a fitar da ita waje, a riƙe fankar da yatsa a hure ƙurar da abin hura iska. A kuma ɗaga ta daga ƙasa, a lulluɓe ta idan an tashi aiki.

Bayan Windows ta sabunta kanta ne abin ya fara. A kashe sabuntawar?

A'a. Kwamfutar da filashin jama'a ke shiga ita ce ta fi kowacce buƙatar sabuntawa. Idan Reliability Monitor ya nuna faɗuwar ta fara ne daidai ranar wata sabuntawa, a shiga Windows Update, a buɗe tarihin sabuntawa, a zaɓi Uninstall updates, a cire ta ƙarshen, a dakatar da sabuntawa na ɗan lokaci da Pause. Sau da yawa kuma laifin na tsohon ƙari ne ko manhajar sauya kamannin sandar ƙasa da ba ta dace da sabon tsarin ba, don haka a bi hanyar ShellExView kafin a ɗora wa sabuntawar laifi. Idan System Restore, mai adana yanayin tsarin na kwanakin baya, yana kunne, `rstrui` zai mayar da tsarin zuwa wata rana ta baya ba tare da taɓa takardu ba, sai dai zai cire manhajojin da aka ɗora bayan ranar.

Kwamfutarmu tsohuwa ce, Windows 7 ko 10 ke kanta. Wannan na da nasaba?

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairun 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Ba su daina aiki ba, amma masu yin manhajoji suna janye hannu daga gare su a hankali, kuma sabuwar manhaja a kan tsohon tsari tana daga cikin abubuwan da ke kayar da File Explorer. Windows 11 tana buƙatar aƙalla RAM 4GB da faifai 64GB da sashen tsaro mai suna TPM 2.0, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu ba su cika ba. Kwafin Windows da aka yi wa kwaskwarima aka cire masa sassa, irin wanda wasu masu gyara ke ɗorawa don ya yi sauƙi, shi ma yakan zo da matsalolin da DISM ba ya iya gyarawa.

Yaya za a tsara amfani da kwamfutar don kada abin ya riƙa dawowa?

Asusun mai gudanarwa ya zama ɗaya, kalmar sirrinsa a hannun mutum ɗaya ko biyu, sauran kowa ya yi aiki da asusu na Standard, wanda ba ya iya ɗora yawancin manhajoji sai da izini. Wannan ba rashin yarda da abokan aiki ba ne, hanya ce ta sanin abin da ya shiga kwamfutar. Wanda ya gama aiki ya yi Sign out maimakon Switch user, domin na biyun yana barin manhajojinsa a buɗe suna cin RAM. Sashen Users na Task Manager zai nuna waɗanda suka bar asusunsu a kunne. A kashe AutoPlay, mai buɗe filash da kansa da zarar an soka shi, a ware folda ɗaya ta aikin baƙi da ake sharewa a ranar da kowa ya sani, a kuma sa alama a Launch folder windows in a separate process cikin `control folders`, domin idan tagar folda ta faɗi kada ta tafi da sandar ƙasa.

Injiniya ya ce sai an yi mata fomatin. A amince?

A tambaye shi tukuna abin da ya gani a Event Viewer da kuma lafiyar faifan. Fomatin yakan kawar da matsalar na ɗan lokaci saboda ya share ƙarin da ke jawo ta, amma idan aka sake ɗora manhajojin nan daga filash ɗin nan, ciwon zai dawo, kuma idan faifan ne ke mutuwa, sabuwar Windows ma za ta lalace a kansa. Akwai matakai biyu kafin a kai can. Ana iya ɗora Windows a kan kanta daga fayil ɗin ISO na Microsoft, wato fayil ɗin da ake ɗora Windows da shi, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Ko a yi Reset this PC da Keep my files, wanda ke barin takardu amma ya cire manhajoji.

Idan fomatin ya zama dole, a tuna cewa abin da ke cikin kwamfutar amanar mutane ce. A sanar da duk masu amfani da ita tun da wuri, a kwafe foldar kowa da ke `C:\Users` zuwa faifan waje, a buɗe wasu fayilolin daga kwafin a wata kwamfuta don tabbatar da suna buɗewa, a rubuta sunayen manhajoji da lambobin lasisinsu da direbobin firinta da sikana. Bayan an ɗora sabuwar Windows, a mayar da manhajojin ɗaya bayan ɗaya, ana gwada danna dama da buɗe foldar hotuna bayan kowacce, ana kuma rubuta sunanta da ranar a littafin da ke gefen kibod.